Lin Zexu: Jami'in da ya lalata ofiyom ɗin 'yan kasuwar Ingila

An haifi Lin Zexu a birnin Fuzhou na ƙasar Sin a 1785. A 1839 Sarki Daoguang ya aike shi Guangzhou domin ya daƙile fataucin ofiyom, kayan mayen da 'yan kasuwar Ingila ke shigowa da shi daga Indiya.

Ya ƙwace akwati fiye da 20,000, ya sa aka narkar da abin da ke ciki, aka kwarara a teku a Humen. Ingila ta mayar da martani da yaƙi, ta karɓe Hong Kong a 1842.

Sarkin da ya aike shi ne kuma ya ɗora masa laifi, ya kore shi zuwa Xinjiang. Ya mutu a 1850. Yau Sinawa na ɗaukar sa gwarzo.