Dani Tomas: ɗan baƙi da ya cika alkawarinsa da asibitin yara

A filinmu na tarihin mashahuran mutane yau mun leƙa ƙasar Amurka, domin mu kawo maku labarin wani ɗan wasan barkwanci mai suna Dani Tomas. Kowace uwa da ta taɓa kwana a likita tana riƙe da takardar magani, ga yaro yana zafi, ga jari yana narkewa, za ta gane dalilin da ya sa muka zaɓe shi.

An haifi Dani ranar 6 ga watan Janairu na 1912 a jihar Mishigan. Sunansa na yanka Amos Muzyad Yakub Kairuz. Iyayensa Larabawan Liban ne, Kiristoci, daga garin Basharri, da suka ƙetare teku neman abinci kamar yadda wasu ƴan uwansu suka gangaro Afirka ta Yamma suka buɗe kantuna. Ya girma a birnin Toledo, cikin gida mai ƴaƴa da yawa da abinci kaɗan. Tun yana ƙarami ya shiga talla, yana saida alewa a gidan wasa, kuma nan ne ya ga yadda mutum ke cin abinci da bakinsa ta hanyar ba mutane dariya. Bai gama lakkol ba ya faɗa wannan sana'a. A 1932 ya fara waƙa a wani gidan rediyo na birnin Ditroyit, ya kuma auri Roz Mari a 1936.

Sana'ar ba ta karɓe shi da wuri ba. Lokacin da matarsa ke da tsohon ciki na ɗiyarsu ta farko, dala bakwai suka rage masa a aljihu. Dalar Amurka muke nufi, ba dalar kasuwarmu ba, amma duk da haka kuɗin ba su isa sallamar asibiti. Kamar yadda shi da kansa ya sha ba da labari, sai ya shiga coci ya zuba su duka a akwatin sadaka. Washegari aka kira shi wani ɗan aiki da ya biya shi kusan ninki goma. A cikin wannan zamani na ƙunci ne ya yi bakance bisa addininsa: in hanya ta buɗe masa, zai gina wuri da sunan Waliyyi Jud, wanda Kiristocin Katolika ke ambata idan al'amari ya gagara.

Hanya kuwa ta buɗe. A 1940 ya samu aiki a wani gidan wasa na birnin Shikago, inda ya haɗa sunayen ƴan uwansa biyu ya zama Dani Tomas. Daga nan sai sinima, sai talabijin. Wasansa na wani magidanci da iyalinsa ya shekara goma sha ɗaya ana nuna shi, daga 1953 zuwa 1964, har ya zama attajiri.

A nan ne mutane da yawa kan manta da abin da suka faɗa ranar wuya. Shi bai manta ba, don alkawari kaya ne. Ya nemi shawarar wani babban limamin coci, Kadinal Samuyel Istiric, wanda ya nuna masa birnin Memfis a kudancin ƙasar. Maimakon wurin ziyara kawai, sai ya tsaida shawara a kan asibitin yara.

A wancan lokaci wariyar launin fata na da ƙarfi a kudancin Amurka, baƙi da farare ba su kwana ɗaki guda ko a asibiti. Dani ya kafa sharaɗi cewa za a karɓi kowane yaro, ba ruwan kowa da launinsa, addininsa ko aljihun ubansa. Wani baƙar fata masanin zanen gini, Pol Wiliyams, shi ya zana ginin kyauta.

Gini abu guda ne, ciyar da asibiti kullum kuma wani abu ne daban. Sai ya koma ga danginsa Larabawa, da yawansu ƴan kasuwa. A 1957 suka kafa ƙungiyar ALSAC ta Amurkawa ƴan asalin Liban da Siriya, aikinta guda: neman kuɗin asibitin. Shi da matarsa suka dinga zaga garuruwa da mota suna roƙon gudummawa, matasa kuma suna bin gida gida da gwangwani. Ranar 4 ga watan Fabrairu na 1962 aka buɗe asibitin Sen Jud gaban mutane wajen dubu 9.

Abin da ya bambanta wannan asibiti shi ne magani da bincike suna tafiya tare ƙarƙashin rufi guda. Lokacin da aka buɗe shi, cikin yara 100 da suka kamu da sankarar jini, irin wadda ta fi kama yara, huɗu ne kawai ke rayuwa. Likitoci da yawa sun riga sun sallama. Shugaban asibitin na farko, Dokta Donal Pinkel, ya lura cewa magani guda ba ya kashe cutar, tana laɓewa ne ta dawo. Sai ya haɗa magunguna da dama lokaci guda, ya bi cutar har inda take ɓuya a ƙwaƙwalwa da laka, aka kuma daɗe ana ba yaro magani bayan ya miƙe. A farkon shekarun 1970 kusan rabin yaran suna warkewa. Yau a wannan asibiti fiye da 90 cikin 100 ne ke tsira.

Akwai cutar da mu ma muka sani a gidajenmu, wato amosanin jini. Tallafin bincike na farko da asibitin ya samu, tun a 1958 kafin a ɗora tubali, a kan wannan cuta ne. A 1983 kuma aka yi wa wata yarinya dashen ɓargo a can saboda sankarar jini, sai amosanin jinin ma ya rabu da ita. Ita ce ta farko a duniya da aka warkar ta wannan hanya.

Har yau iyaye ba su biyan ko sisi a Sen Jud: magani, kuɗin hanya, masauki da abinci duk asibiti ke ɗauka. Mafi yawan kuɗin kuwa daga hannun mutane na gama gari suke fitowa, kowa da ɗan abin da ya iya, wata bayan wata, kamar zubin adashi. Da yayyafi kogi kan cika.

A 1985 shugaba Ronal Regan ya miƙa wa Dani lambar zinariya ta majalisar dokokin Amurka. Ya rasu da ciwon zuciya ranar 6 ga watan Fabrairu na 1991 a birnin Los Anjalis, yana da shekara 79, kwana biyu bayan asibitin ya cika shekara 29. A harabar asibitin aka binne shi, kuma ƴaƴansa uku suka ci gaba da neman gudummawar.

Aikin bai ƙare ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da yara 80 cikin 100 masu sankara ke warkewa, amma a yawancin ƙasashe matalauta ba su kai 30 ba. Cikin dalilan akwai zuwa likita a makare, da kuma barin magani a tsakiya idan kuɗi suka ƙare. Shi ya sa a 2018 hukumar ta haɗa hannu da Sen Jud da burin kai adadin zuwa 60 cikin 100 a duniya kafin 2030.

Don haka muna kira ga iyaye mata: kumburin da ya ƙi sacewa, zazzaɓin da ya ƙi jin magani, ko farin ɗigo a ƙwayar idon yaro, a gaggauta kai shi likita. Ƙungiyoyinmu na kasuwa kuma, da ke tara kuɗin biki da suna ba fashi, suna iya ware asusu ɗaya don yaron da jinya ta fi ƙarfin iyayensa.

Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.