Martin Ryle, Mai Sauraren Taurari

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, na zaɓi in ba ku tarihin wani Bature masanin taurari mai suna Martin Ryle, domin aikinsa ya nuna cewa ƙananan abubuwa in sun haɗa kai sun fi babba guda, muddin awonsu ɗaya ne.

An haife shi a Ingila ran 27 ga Satumba, 1918. Ya gama karatun kimiyya a Jami'ar Oksfod a 1939, shekarar da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai aka sa shi aikin rada, watau na'urar hango jiragen sama. Da yaƙi ya ƙare a 1945 ya koma Jami'ar Kambirij, ya juya wannan ilmi zuwa ga sararin sama.

Rana da taurari ba haske kaɗai su ke aikowa ba, har da igiyoyin rediyo. Ana kama su da eriya ko da babban faranti. Matsalar ita ce, in ana so a gani sosai, sai farantin ya yi faɗin da ba mai iya ƙerawa. Dabarar Ryle ita ce a kafa ƙanana nesa da juna a haɗa abin da su ka kama. Misali, da za a kafa faranti guda a Boɗinga, wani a garinmu Shagari, a haɗa su, to, kaifin ganinsu zai yi kamar na faranti guda mai faɗi daga Boɗinga har Shagari. A 1946 shi da abokin aikinsa Derek Vonberg su ka gwada wannan a kan rana. A 1964 ya kammala na'ura mai tsawon mil guda kusa da Kambirij.

Amma akwai sharaɗi. Ku ɗauki igiyar guga: kana iya kaɗa ta sama da ƙasa, ko gefe da gefe. Haka igiyar rediyo ta ke da ɓangaren da ta karkata, kuma wannan karkata ita ke gaya wa masana yadda ƙarfin maganaɗisu ya ke a wurin da ta fito. To, kowane faranti yana da 'yar tasa karkatar da ya kan cusa cikin saƙon. In ba a gyara ba, sai a ɗauki aibin na'ura a ce halin tauraro ne. Duk mai zuwa kasuwa ya san rigimar da ke tashi in mudun mai saye da na mai sayarwa ba ɗaya ba ne.

Maganin shi ne a nemi mudu guda a sama. A 1959 masanan Kambirij, inda Ryle ke jagora, su ka fitar da jerin wuraren da igiyoyin rediyo ke fitowa, ana kiransa 3C. A cikinsa akwai wani mai lamba 3C 286, wanda karkatarsa ba ta cika canzawa ba. Masana na duba shi su daidaita farantansu kafin su amince da awonsu.

An ba Ryle lambar yabo ta Nobel a 1974 tare da Antony Hewish. A ƙarshen rayuwarsa ya yi ta gargaɗi a kan makaman nukiliya, yana kira a nemi wutar lantarki daga iska, domin ya ga yaƙi, ya san ilmi na iya zama annoba. Ya rasu ran 14 ga Oktoba, 1984.

Aikinsa bai mutu ba. A 2017 ƙasar Gana ta buɗe faranti mai faɗin mita 32 a Kutunse. A 2019 aka nuna hoton farko na baƙin rami, wanda na'urori 8 a sassan duniya su ka haɗu su ka ɗauka, a 2021 kuma aka nuna karkatar haskensa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina roƙon iyayenmu su bar mu mu yi zurfi a lissafi da kimiyya, ko wata rana a kafa irin wannan faranti a ƙasar Sakkwato. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.