Taniya Sabiceba, yarinyar Leningirad

Ku masu auna hatsi da tiya, yau mun kawo muku labarin Taniya Sabiceba. An haife ta a 1930, ubanta mai gidan burodi, uwarta tela. A 1941 sojan Jamus suka kewaye birninsu, Leningirad na Rasha, jirage na zubo bama-bamai. Tana da shekara 11 take taya manya haƙa ramukan tsaro. Rabon yaro ya koma giram 125 na burodi a yini. Mutum shida na gidansu suka mutu cikin yunwar, har uwarta. Kowa ta rubuta ranar rasuwarsa a ƙaramin littafi. An fitar da ita a 1942, amma ciwo ya kashe ta a 1944. Littafin na ajiye a gidan tarihin birnin har yau.