Boyd Alexander: Mai farautar tsuntsaye da ya yada zango a Ibi, aka binne shi a Maifoni

Masu zuwa Gandun Dajin Gashaka-Gumti da kyamara a lokacin hunturu, sa'ad da ciyawa ta bushe, namun daji suka taru a bakin ruwa, ƙalilan ne daga cikinsu suka san sunan Boyd Alexander. Amma yana cikin Turawan farko da suka tattara bayanan tsuntsayen kwarin Binuwai, kuma ransa ya bayar a kan wannan aiki.

An haife shi ranar 16 ga Janairun 1873 a Cranbrook ta ƙasar Ingila. Soja ne, amma zuciyarsa na wajen tsuntsaye. Ya bi sawunsu zuwa tsibiran Kef Bade a 1897, sannan kogin Zambezi a 1898. A 1900 yana cikin dakarun Birtaniya da suka shiga Kumasi lokacin yaƙin Asante.

Tafiyar da ta fito da sunansa ta fara ne a 1904. Shi da ƙanensa Claud, da Kyaftin Gosling, da mai safiyo P. A. Talbot, suka ƙudura ratsa Afirka daga kogin Neja zuwa kogin Nilu da jiragen ruwa biyu na ƙarfe. Daga Lokoja suka haura Binuwai har Ibi, garin da yau yake Jihar Taraba, suka mai da shi sansani. Daga nan ayarin ya nausa arewa zuwa Tafkin Chadi, ana auna ƙasa, ana harbo tsuntsaye ana adana fatunsu. 'Yan dako da matuƙa jirgi na ƙasar nan ne suka ɗauki nauyin tafiyar, ko da yake tarihi bai riƙe sunayen yawancinsu ba.

Zazzaɓi ya kashe Claud a Maifoni, cikin Maidugurin yau, a Nuwambar 1904. Gosling ya rasu a Niangara ta ƙasar Kwango a 1906. Alexander ne kaɗai cikin Turawan ya isa Nilu. A 1907 ya wallafa littafin tafiyar, shekarar da ta biyo baya kuma ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan ta ba shi lambar zinare.

Bai zauna ba. A 1909 ya hau Dutsen Kamaru, ya sake fuskantar Chadi daidai lokacin da Faransa ke gwabzawa da daular Wadai. An kashe shi ranar 2 ga Afrilun 1910 kusa da Abeche, yana ɗan shekara 37. Aka kawo ƙasusuwansa Maifoni, aka binne kusa da ƙanensa. Budurwarsa Olive MacLeod ta taso tun daga Birtaniya don ganin kabarin; ita ce daga baya ta auri Charles Temple, Mataimakin Gwamnan Arewa.

A zamaninsa sai an harbe tsuntsu kafin a san shi, fatar kuma ta ƙare a gidan tarihi na Landan. Gashaka-Gumti, wanda aka kafa a 1991, shi ne mafi girma cikin gandayen ƙasa na Nijeriya, da faɗin sama da murabba'in kilomita 6,000. Baƙon da ya taso daga Jalingo ya shiga ta Serti, hoto yake komawa da shi, tsuntsun na nan a kan reshensa, muddin aka kare dajin daga mafarauta da masu saran itace.