Marigayi Gani Odutokun, Mai Zane na Zariya (1946-1995)

'Yan'uwa, a Wasagu da sauran garuruwan ƙasar Zuru babu wanda bai taɓa ganin yaro ya tsinci gawayi a murhu ya zana saniya ko babur a jikin bango ba. Mun kuma san abin da yakan biyo baya: a daka masa tsawa, a ce ya ɓata ɗaki, a tura shi gona ko rijiya. Saboda irin waɗannan yara da iyayensu muka ga ya kyautu mu kawo muku tarihin wani bawan Allah wanda ya soma neman abinci da aikin akawu, amma ya bar duniya yana ɗaya daga cikin manyan masu zane da Nijeriya ta taɓa samu. Sunansa Gani Odutokun. Ba ɗan ƙasarmu ba ne, ba kuma Bahaushe ba ne, amma a Zariya ya yi karatu, a can ya koyar, a can kuma ya yi aikin da ake tunawa da shi.

An haife shi ran 9 ga Agusta, 1946, a garin Nsawam na ƙasar Gana, wadda a lokacin tana hannun Turawan Ingila. Iyayensa Yarabawa ne na Offa, a Jihar Kwara ta yau, waɗanda fataucin koko ya kai su can, kamar yadda fataucin goro ya daɗe yana kai Hausawa wannan yanki. A Gana ya yi ƙuruciyarsa, daga baya ya dawo ƙasar iyayensa. Da ya gama makarantar sakandare sai ya sami aikin akawu a wani kamfani. A wancan zamani wannan ba ƙaramin rabo ba ne, gama mai albashin wata ya fi ƙarfin yunwa, danginsa kuma sun sami abin dogaro. Amma abokansa sun ga abin da hannunsa ke iya yi da fensir, suka dinga matsa masa ya nemi makaranta. Ya ji shawararsu. A 1972, yana da shekara 26, ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Zariya, sashen koyar da zane da sassaƙa.

Ya kamata mu faɗi irin gidan da ya shiga. An dawo da wannan sashe daga Ibadan zuwa Zariya a 1955, tun kafin a kafa jami'ar kanta a 1962. A 1958 wasu ɗalibansa, irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya suna cewa bai isa ɗan Afirka ya kwaikwayi zanen Turawa kawai ba, dole ya haɗa abin da ya koya a aji da abin da ya gada a gida. Mun ci moriyar wannan ra'ayi ko a majami'unmu: Onobrakpeya ne ya zana hotunan Hanyar Gicciye a cocin Bulus Mai Tsarki da ke Ebute Metta a Legas, Nwoko kuwa shi ya tsara ginin ɗakin sujada na 'yan Dominikan a Ibadan. Sa'ad da Gani ya iso, waɗannan sun daɗe da tafiya, amma tambayar da suka bari tana nan: yaya mai zane zai yi aikin zamani ba tare da ya manta mutanensa ba?

Ya sami digirinsa na farko a 1975, jami'ar ta riƙe shi ya zama malami, ya ƙara digiri na biyu a 1979. Daga nan har ƙarshen ransa bai bar Zariya ba. Kusan shekara 20 ya yi yana koyar da matasa daga kowane sashe na ƙasar nan, Kirista da Musulmi, a ɗaki ɗaya.

Abin da ya bambanta aikinsa shi ne yadda yake sarrafa fenti. Yawancin masu zane sukan fara fitar da siffar abin da suke so, sa'an nan su bi ta da buroshi a hankali. Shi kuwa yakan tsinka fentin mai har ya zama ruwa-ruwa, ya zuba shi a kan ƙyallen zane, ya bar launuka su gangara su gauraya yadda suka ga dama. Bayan haka sai ya tsaya ya duba abin da ya fito, ya bi shi da hannu da basira har ya zama fuskar mutum, ko doki, ko busasshiyar ƙasa. A ganinsa haka rayuwa take: akwai abin da ke faɗo wa mutum ba shiri, akwai kuma abin da mutum ke yi da shi bayan ya faɗo. Manomi a Wasagu ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ba shi ke sa ranar da ruwan farko zai sauka ba, amma shi ke sanin irin da zai shuka idan damina ta makara.

Bai tsaya ga ƙawata ɗakunan masu hali ba. Shekarun da ya fi yin aiki shekarun mulkin soja ne, zamanin Janar Ibrahim Babangida daga 1985 zuwa 1993, da farkon na Janar Sani Abaca, lokacin da darajar naira ta faɗi, albashin malami ya kasa kai shi ƙarshen wata, faɗin gaskiya kuma ya zama abin tsoro. A cikin wannan hali ya yi jerin hotuna na sarki da sarauniya da fadawansu. Wanda ya fi shahara shi ne wanda ya nuna sarki yana raha da janar-janar ɗinsa. Bai rubuta sunan kowa a kai ba, amma duk ɗan Nijeriya da ya kalle shi ya san su wa ke dariya, ya kuma san su wa ke biyan kuɗin dariyar. Abin da mutane suke raɗawa a zaure, shi ya rataye shi a bango kowa ya gani.

Wani hoton nasa da ake yawan ambata shi ne hirar da ya ƙulla da Mona Lisa, wato hoton matar nan da Leonardo da Vinci ɗan Italiya ya zana fiye da shekara 500 da suka wuce, wanda ke ajiye a birnin Paris. A zanen Gani, wani sassaƙen Afirka na itace ne yake zana Mona Lisa, ita kuma tana riƙe da kayan sassaƙa tana aiki irin na Afirka. Nufinsa a fili yake: koyo ba hanya ɗaya yake bi ba, Turai ta ɗauka daga Afirka kamar yadda Afirka ta ɗauka daga Turai. Mu mutanen Zuru muna da dalilin riƙe wannan darasi, gama siffofin yumɓu da matan Dakarkari suka riƙa ginawa domin a ɗora bisa kaburbura suna ajiye a gidajen tarihi na ƙasashen waje, alhali da yawa daga cikin 'ya'yanmu ba su taɓa ɗaukarsu a bakin komai ba.

Gani bai yarda zane ya zauna a kulle cikin jami'a ba. Ya yi zane a jikin bangon gine-gine inda mai wucewa zai gani kyauta, ya kuma zana bangon littattafai. Tare da abokan aikinsa da tsofaffin ɗalibansa, irin su Jerry Buhari da Jacob Jari, ya kafa wata ƙungiya mai suna Ido, wadda ta riƙa buga mujalla a farkon shekarun 1990, domin masu zane na Arewa su sami inda za su yi rubutu a kan aikinsu da inda za su nuna shi. A lokacin kusan dukan masu saye da wuraren baje kolin zane suna Legas. Dole wanda ke Zariya ya ɗaure hotunansa ya kama doguwar hanya.

Wannan hanya ce ta zama ajalinsa. A watan Fabrairu na 1995 ya je Legas tare da 'yan'uwansa masu zane domin baje koli a cibiyar al'adun Jamus ta Goethe. A kan hanyarsu ta komowa suka yi haɗarin mota. Ya rasu ran 15 ga watan, yana da shekara 48, yana cikin masu zane huɗu da suka rasa rayukansu a wannan haɗari. Mutumin da ya koyar da yadda ake gyara abin da ya zo ba shiri, shi ma ba shiri ya tafi.

Waɗanda ya bari ne suka yi gyaran. A shekarar da ya rasu aka nuna aikinsa a birnin Landan cikin wani babban baje kolin zanen zamani na Afirka. A 2000 aka sake shirya wani a Landan, a makarantar nazarin Gabas da Afirka, inda aka jera hotunansa tare da na waɗanda suka sha daga hannunsa. A 2008 hukumar kula da zane-zane ta ƙasa ta shirya nunin tunawa da shi a Legas. Wasu daga cikin ɗalibansa sun zama farfesoshi a sashen da ya koyar, suka yaye wasu, waɗannan ma suka yaye wasu.

To, 'yan'uwa, mu koma ga yaron nan mai gawayi. Ba muna cewa kowane yaro zai zama Gani ba, ba kuma muna cewa a bar noma ko lissafi ba. Abin da muke roƙo shi ne mu tuna cewa da abokan Gani sun yi shiru, da ya tsufa a kan kujerar akawu, ƙasar nan kuma ba ta san abin da ta rasa ba. Fensir da littafin zane ba su kai kuɗin mudun dawa biyu ba. Malaman makarantunmu su ba yara lokacin zane. Shugabannin matasa su nemi masu wannan baiwa a cikinmu, su ba su allon sanarwa da bangon aji su gwada hannunsu, kafin a ɗauko mai fenti daga birni. Iyaye kuma, kafin a goge bangon, a tsaya a duba abin da yaron ya zana, a tambaye shi ma'anarsa.

Allah ya ji ƙan Gani Odutokun da abokan tafiyarsa, ya kiyaye dukan matafiya a kan hanyoyinmu. Amin.