Victoire Rasoamanarivo: Matar Da Ta Riƙe Coci Bayan An Kori Limamai

Duk mai sauko da kaya daga Zango zuwa babbar kasuwar Asigame a nan Lome ya san cocin nan mai hasumiya biyu da ke gefenta. 'Yan mishan na Jamus ne suka gina ta a 1902, kuma a lokacin yaƙin duniya na ɗaya aka kore su daga Togo. Irin wannan kora ta taɓa faruwa tun kafin nan a tsibirin Madagaska, inda mace ce ta riƙe jama'ar coci. Tarihinta muka kawo wa masu karatu a yau.

An haifi Victoire Rasoamanarivo a birnin Antananarivo a 1848, a gidan sarauta. Kakanta Rainiharo ya yi firayim minista. Ta yi karatu a hannun sistocin ɗariƙar Katolika, aka yi mata baftisma a 1863 tana 'yar shekara 15. A 1864 aka aurar da ita ga ɗan'uwanta Radriaka, ɗan firayim minista Rainilaiarivony. Mijin mashayi ne, har surukin nata ya ba ta shawarar ta rabu da shi, ta ƙi. Da sarauniya Ranavalona ta biyu da fadawanta suka shiga ɗariƙar Furotestan a 1869, dangi sun matsa mata ta bi su, nan ma ta ƙi.

A 1883 yaƙi ya ɓarke tsakanin Madagaska da Faransa, gwamnati ta kori dukkan limaman Katolika da sistoci Faransawa. Jama'a suka wayi gari ba mai ja musu addu'a, ga dogarai a ƙofar coci. Victoire ta tafi wurin surukinta, ta samo tabbacin cewa babu dokar da ta hana ibada, aka buɗe ƙofofin.

To, buɗe ƙofa abu ne mai sauƙi ga 'yar gidan mulki. Abin da muke ganin ya fi wuya shi ne riƙon da ya biyo baya na kusan shekara uku. Ba ta ɗora wa kanta limanci ba. Jama'a suka zaɓi wani malamin makaranta ɗan ƙasa, Raphaël Rafiringa, ya shugabance su, matasan coci kuma suka rarraba ƙauyuka a tsakaninsu, suna ja addu'ar Lahadi, suna kula da makarantu. Ita kuwa tana zama taronsu, ta saurari abin da suka gani, ta sasanta masu saɓani. In wani hakimi ya rufe makaranta ko ya tsare malami, ita ke kai kukan fada. Kuɗin aikin ma sau da yawa daga hannunta yake fitowa. 'Yan kasuwa sun san bambancin mai jiran shago da wanda maigida zai dawo ya tarar da ciniki na tafiya. Da limaman suka dawo a 1886, jama'a a haɗe suka tarar.

Ta miƙa musu ragama, ta koma hidimar kutare da fursunoni da matalauta. Mijinta ya rasu a 1888, bayan ya karɓi baftisma a kan gadon jinya. Ita kuma ta rasu ranar 21 ga Agusta, 1894, tana da shekara 46. A ranar 30 ga Afrilu, 1989, Paparoma John Paul na biyu ya je Antananarivo ya sanya ta cikin masu albarka, wato matakin da ke gab da na waliyyai a ɗariƙar Katolika.