Tarihin Rayuwar Marigayi Amrish Puri, Shahararren Ɗan Wasan Kwaikwayo na Ƙasar Indiya (1932 - 2005)

Gabatarwa

Marigayi Amrish Puri, wanda masu kallo da dama suka fi sani da sunan Mogambo, yana ɗaya daga cikin mashahuran 'yan wasan kwaikwayo da aka yi a ƙasar Indiya. Finafinan Indiya sun shigo gidajen silima na Arewacin Nijeriya tun cikin shekarun 1950, daga baya kuma kaset ɗin bidiyo ya kai su har ƙauyuka. Saboda haka da wuya a sami wanda ya yi kallo a shekarun 1980 da 1990 da bai san wannan mutum mai manyan idanu da kakkausar murya ba.

A kowane fim akwai jarumi da jaruma waɗanda labari yake gudana a kansu. Akwai kuma wani rukuni na 'yan wasa da ke fitowa a matsayin uba, ko alƙali, ko mai gari, ko lauya, ko kuma mugu, wato wanda masu kallo ke kira bos. Amrish Puri ɗan wannan rukuni na biyu ne, kuma a cikinsa ya yi sunan da ya kai na manyan jarumai. Kafin ya kai wannan matsayi sai da ya shafe kimanin shekara 20 yana aikin gwamnati da rana, yana koyon wasan dandamali da dare, domin bai fito a fim ba sai da ya doshi shekara 40 da haihuwa.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi Amrish Puri ranar 22 ga watan Yuni, 1932, a garin Nawanshahr da ke yankin Punjab, a lokacin da Indiya take ƙarƙashin mulkin mallakar Turawan Ingila. Ya yi karatun kwaleji a Shimla, wani gari da ke kan tsaunuka inda gwamnatin mulkin mallaka kan koma da zama a lokacin zafi. Gidansu ba baƙo ba ne ga harkar fim, domin yayyensa biyu, Chaman Puri da Madan Puri, sun riga shi shiga sana'ar, kuma Madan Puri ya yi suna ƙwarai wajen fitowa a matsayin mugu. Haka kuma K. L. Saigal, mawaƙi kuma jarumin da ya yi tashe a shekarun 1930 da 1940, ɗan'uwansu ne na jini.

A cikin shekarun 1950 ya bi sahun yayyensa zuwa birnin Bombay, wanda aka sauya wa suna zuwa Mumbai a shekarar 1995, da burin zama jarumi. To amma da aka yi masa gwajin da akan yi wa sabon ɗan wasa a gaban na'urar ɗaukar hoto, sai masu shirya fim suka ƙi ɗaukarsa, bisa hujjar cewa fuskarsa ta cika kaushi, ba irin wadda ake nema ga jarumin soyayya ba ce.

Aikin Gwamnati da Wasan Dandamali

Da wannan ƙofa ta rufe, sai ya kama aiki a hukumar inshorar ma'aikata da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Indiya, wadda ke kula da lafiyar ma'aikatan masana'antu tare da biyan su diyya idan sun ji rauni a bakin aiki. Ya yi aure a shekarar 1957, kuma Allah ya ba shi 'ya'ya biyu, namiji da mace. Da albashin wannan aiki ya riƙe gidansa tsawon shekaru, bai kuma ajiye shi ba sai bayan da aikin fim ya fara samuwa.

A farkon shekarun 1960 ya fara koyon wasan dandamali a wurin Ebrahim Alkazi, malamin da daga baya ya shugabanci makarantar koyar da wasan kwaikwayo ta ƙasa da ke birnin Delhi. Bayan Alkazi ya koma Delhi, sai Amrish Puri ya ci gaba a hannun Satyadev Dubey, wanda ya ɗauka a matsayin babban malaminsa. A ƙarƙashin Dubey ya fito a matsayin makahon sarki a wasan Andha Yug na Dharamvir Bharati. Ya kuma fito a Hayavadana na Girish Karnad, da Sakharam Binder na Vijay Tendulkar.

Wasan dandamali yana da wuyar da fim ba shi da ita. A fim, idan ɗan wasa ya yi kuskure akan tsaya a sake ɗauka, kuma na'ura ce ke ƙara ƙarfin muryarsa. A dandamali kuwa jama'a na zaune a gabansa, dole ya haddace dukkan maganganunsa, ya kuma ɗaga murya yadda na sahun baya zai ji ba tare da ya yi ihu ba. A wannan makaranta ce ya gina muryar da aka san shi da ita, ya koyi tsayuwa da kallo da yin shiru a inda shiru ya dace. A shekarar 1979 aka ba shi lambar yabo ta Sangeet Natak Akademi, wadda take cikin manyan lambobin da Indiya ke bai wa masu wasan dandamali.

Shigarsa Harkar Fim

Fim na farko da aka gan shi a ciki shi ne Prem Pujari na Dev Anand a shekarar 1970, inda ya yi 'yar gajeriyar fitowa. A 1971 ya fito a Reshma Aur Shera na Sunil Dutt, fim ɗin da Amitabh Bachchan, wanda shi ma a lokacin sabon shiga ne, ya fito a matsayin bebe. A 1973 kuma Girish Karnad ya sa shi a fim ɗin Kaadu da aka yi da harshen Kannada.

Wanda ya fito da ƙwarewarsa sosai shi ne darakta Shyam Benegal, mai shirya finafinan da suka shafi rayuwar talakawan karkara. A fim ɗin Nishant na 1975, Amrish Puri ya fito a matsayin babban wa a gidan wasu masu gonaki da suka mayar da mutanen ƙauye tamkar bayinsu. Ƙannensa suka sace matar malamin makaranta, malamin ya kai kuka wurin 'yan sanda da sauran hukumomi ba a share masa hawaye ba, har daga ƙarshe mutanen ƙauyen suka yi wa gidan bore, aka yi asarar rayukan masu laifi da na marasa laifi.

A 1976 aka fitar da Manthan, wanda ke ba da labarin kafa ƙungiyar gama kai ta masu sayar da madara a wani ƙauye na jihar Gujarat. Manoma da makiyaya 500,000 ne suka ba da gudummawar rufi 2 kowannensu aka shirya wannan fim. Amrish Puri ya fito a matsayin ɗan kasuwar da ke sayen madara da araha a hannun talakawa, yana ɗaure su da bashi, wanda kuma ya yi ta ƙulla makirci don kada ƙungiyar ta tsaya da ƙafarta. Ya nuna mutumin da fara'a da daɗin baki, kamar dai yadda irin waɗannan mutane suke a zahiri. A finafinan Govind Nihalani kuma ya fito a matsayin lauyan gwamnati a Aakrosh na 1980, da kuma uba ɗan sanda mai zafin hali a Ardh Satya na 1983. Om Puri da suka fito tare a waɗannan finafinai biyu ba ɗan'uwansa ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Shahararsa a Matsayin Mugu

Fim ɗin Hum Paanch na 1980 shi ne ya buɗe masa ƙofar manyan finafinan kasuwa, inda ya fito a matsayin azzalumin mai gonaki. Daga nan darakta Subhash Ghai ya sa shi a Vidhaata a 1982, da Hero a 1983, da Meri Jung a 1985, inda ya fito a matsayin lauyan da ya sa aka rataye mutumin da ya san ba shi da laifi. A Nagina na 1986 ya fito a matsayin gardin macizai tare da jaruma Sridevi.

A ƙasashen waje ma an nemi aikinsa. A fim ɗin Gandhi na 1982, wanda Richard Attenborough ya shirya, ya fito a matsayin wani attajiri Musulmi ɗan Indiya mazaunin Afirka ta Kudu da ya mara wa Gandhi baya. A 1984 daraktan Amurka Steven Spielberg ya ba shi matsayin Mola Ram, shugaban wasu matsafa, a fim ɗin Indiana Jones and the Temple of Doom. Hukumomin Indiya ba su yarda a ɗauki fim ɗin a ƙasarsu ba saboda yadda ya siffanta al'adunsu, sai aka koma ƙasar Siri Lanka. Domin wannan fim ne ya aske kansa ƙwal, kuma daga nan ya ci gaba da zama da askakken kai.

A shekarar 1987 aka fitar da Mr. India na darakta Shekhar Kapur, tare da Anil Kapoor da Sridevi. A nan ne ya fito a matsayin Mogambo, shugaban 'yan ta'adda mai zaune a wani tsibiri cikin kaya irin na sojoji, wanda yaransa ke safarar makamai suna kuma cakuɗa tsakuwa a hatsin da ake sayar wa talakawa. Sunan ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Bayan wannan ya ci gaba da fitowa a manyan finafinai irin su Ram Lakhan da Tridev a 1989, da Ghayal a 1990, da Saudagar a 1991, da Damini a 1993, da Karan Arjun a 1995. A Nayak na 2001 ya fito a matsayin babban ministan jiha maci amana, wanda ya ƙalubalanci wani ɗan jarida da ya riƙe kujerarsa na kwana ɗaya, ɗan jaridar kuma ya yi amfani da wannan rana ya dakatar da ɗimbin jami'an da ke cin hanci.

Fitowarsa a Matsayin Uba

Tun daga tsakiyar shekarun 1990 masu kallo suka fara ganinsa da wata fuska. A Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, wanda Shah Rukh Khan da Kajol suka jagoranta, ya fito a matsayin Baldev Singh, mai kanti a birnin Landan da ke begen ƙasarsa, wanda ya yi wa 'yarsa miji da ɗan amininsa tun tana ƙarama. Ya tsaya a kan alƙawarinsa har zuwa ƙarshen fim, sa'annan a tashar jirgin ƙasa ya saki hannunta ya bar ta ta bi wanda take so. Ya nuna uban a matsayin mutum mai tsanani amma mai ƙaunar iyalinsa, abin da ya sa iyaye da 'ya'ya duka suka ga kansu a cikin labarin.

A Ghatak na 1996 ya fito a matsayin tsoho marar lafiya, wanda ya yi gwagwarmayar neman 'yancin ƙasa a ƙuruciyarsa, sai ga shi 'yan daba na wulaƙanta shi a birni. A Virasat na 1997 kuma ya fito a matsayin dattijon shugaban ƙauye da ke roƙon ɗansa mai ilimin zamani ya zauna a gida ya amfani jama'arsa. A Gadar na 2001 ya fito a matsayin Ashraf Ali, uban da rabuwar Indiya da Pakistan a 1947 ta raba shi da 'yarsa.

Lambobin Yabo da Halayensa

Amrish Puri ya fito a finafinai fiye da 400, akasarinsu da harshen Hindi, wasu kuma da harsunan Punjabi, Telugu, Kannada, Marathi, Tamil, Malayalam da Turanci. Ya sami lambar yabo ta Filmfare sau 3 a rukunin mataimakin jarumi, saboda finafinan Meri Jung, Ghatak da Virasat. Biyu daga cikin waɗannan ukun a matsayin uba nagari ya same su.

Abokan aikinsa sun shaide shi da kiyaye lokaci, da zuwa wurin aiki a shirye, da kuma kamun kai a harkokin iyalinsa. An san shi da sha'awar tara huluna iri-iri daga ƙasashen da ya ziyarta.

Rashin Lafiya da Mutuwarsa

A ƙarshen rayuwarsa ya yi fama da wata cuta ta jini, wadda ta kai ga yi masa aiki a ƙwaƙwalwa a wani asibiti da ke Mumbai. Ya mutu ranar 12 ga watan Janairu, 2005, yana da shekara 72. Fim ɗin Kisna na Subhash Ghai, wanda yake ciki, ya fito 'yan kwanaki bayan mutuwarsa. A 2006 aka wallafa littafin tarihin rayuwarsa mai suna The Act of Life. A 2019 kamfanin Google ya sanya zanen hotonsa a shafinsa don tunawa da ranar haihuwarsa, sannan a 2024 aka sake nuna Manthan, bayan an gyara shi, a bikin finafinai na birnin Cannes da ke Faransa.

Kammalawa

Hausawa kan ce mahaƙurci mawadaci. An hana Amrish Puri matsayin jarumi yana saurayi, ya riƙe aikin ofis ya ci gaba da koyon sana'arsa har lokacinsa ya zo, kuma fuskar da aka ƙi tun farko da ita ya ci abinci fiye da shekara 30. Ga mazauna karkara da masu riƙe da amanar jama'a, finafinansa irin su Nishant, Manthan, Virasat da Nayak sun taɓo abubuwan da aka sani a ko'ina: bashin da ke ɗaure manomi, amfanin ƙungiyar gama kai, nauyin da ke kan shugaba, da kuma abin da kan biyo baya idan mai ƙara ya je gaban hukuma aka ƙi sauraronsa.